Babi na Shida: Amrigebe, Unguwar da Ruwa Ke Neman Wurin Kwana

Kafin a yi maganar irin itacen da za a dasa a Amrigebe, ko irin furen da zai ƙawata ƙofar gida, sai an fara sanin inda ruwan sama zai bi idan ya sauka. Duk mai tsara fili da ya tsallake wannan tambaya a wannan unguwa, damina ɗaya ta isa ta rushe masa aiki.

Injamena, babban birnin Chadi, tana zaune ne kamar faranti, shimfiɗe, gefensa na wajen kogi ya ɗan ɗaga. Turawan Faransa ne suka kafa ta a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusiri inda aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy a rana guda, sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya canja mata suna. Turawan sun zaɓi gaɓar kogin Shari, daidai inda Logon yake haɗuwa da shi, domin nan ne tudu. Kogi idan ya yi shekaru aru-aru yana ambaliya, yakan tara ƙasa a bakinsa, gaɓar ta fi bayanta tsawo. Saboda haka ruwan da ya sauka a unguwannin da ke nesa da kogi ba ya gangarawa kogin da kansa. Yakan tsaya ne, ko ya yi ta jan ciki zuwa arewa. Ƙasar kuma yawancinta laka ce, idan ta jiƙe sai ta kumbura ta toshe, idan ta bushe ta dare. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, bai ma kai na Kano ba, amma kusan dukansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ta ɗauki kaso mafi tsoka.

A wannan bayan tudun ne Amrigebe take, a gunduma ta biyar daga cikin gundumomi goma na birnin. Unguwa ce ta jama'a, cike da mutane, ana jin Larabcin Chadi a ko'ina, ana kuma jin Hausa, domin Hausawa sun daɗe a wannan gari tun zamanin da alhazai ke bin hanyar ƙasa zuwa Makka suna yada zango a Fort-Lamy, wasu su wuce Sudan, wasu su zauna ke nan. Ƙidayar 2009 ta sami mutum kusan dubu 950 a birnin, yanzu kuwa ya daɗe da haura miliyan, kuma yawancin ƙarin ya zauna ne a wuraren da dā ruwa ke kwanciya.

Ambaliya iri biyu ce a Injamena, kuma haɗa su wuri ɗaya yana ɓatar da mai neman magani. Akwai ta kogi, wadda kan zo a makare, wajen Oktoba, lokacin da ruwan da ya sauka can kudu a Afirka ta Tsakiya da Kamaru ya iso. Ita ce ta cinye Waliya da Tukra a gunduma ta tara a 2022, har Shugaba Mahamat Idris Debi ya kafa dokar ta-ɓaci a ranar 19 ga Oktoba, bayan ruwa ya shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar. A 2024 abin ya fi haka muni: kusan mutum miliyan biyu, fiye da 500 suka rasu, Shari ya haura mita 8 a ma'aunin birnin. Wannan maganinta madatsa ce da hana gini a fadama. Ta biyu ita ce ta ruwan sama, wadda kan faɗo a dare ɗaya cikin Yuli ko Agusta, a wayi gari lungu ya zama tafki. Ita ce ta Amrigebe, kuma a nan ne mai tsara fili yake da abin cewa.

A duba ƙofofin gidaje a irin wannan unguwa. Za a ga dakali ya yi tsawo har gwiwa, an jera buhunan ƙasa a bakin ƙofa, an ɗora bulo ana takawa. Za a ga gidan da sai an hau matakala uku kafin a shiga, kusa da shi kuma gidan da sai an sauka. Labarin a bayyane yake. Wanda ya sami hali ya sayi tifa biyar ta ƙasa ya cike filinsa, ya shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, ya fitar da bututu ta ƙasan katanga zuwa lungu. Gidansa ya bushe. Ruwan da dā yake tsayawa a filinsa yanzu yana ɗakin maƙwabcinsa mai ginin laka. Shi ma maƙwabcin, idan Allah ya hore masa, sai ya yi nasa cikon ya ɗara na farko. A haka lungu ke zama kwata, gidan wanda ya fi kowa talauci ya zama matattara. Ba na zargin mai ciko da mugunta, iyalinsa yake karewa, kuma ba wanda ya nuna masa wata hanya. Amma haƙƙin maƙwabtaka ya shiga maganar, kuma ya kamata malamanmu su riƙa ambaton bututun da ke fitowa ta ƙasan katanga idan suna wa'azi a kan cutar da maƙwabci.

Dā can ruwan yana da masauki. Inda aka ɗebi ƙasar gini sai rami ya rage, ya zama kududdufi, mutanen Injamena suna ce masa buta. Mutumin Kano ya san wannan sarai, domin kududdufan cikin birni su ne suka riƙe ruwan Kano shekaru masu yawa, kuma ya ga abin da ya biyo baya da aka cike su da shara aka yanka filaye. Haka aka yi a nan. Kududdufi yana da nasa sharri, sauro da ƙazanta da yara masu faɗawa, shi ya sa cike shi yake kama da ci gaba. Sai dai ruwan da yake ɗauka bai ragu da ko cokali ba.

Ga lissafin da nake so kowane mai gida ya yi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Gidan da rufin kwanonsa ya kai murabba'in mita 100, idan an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, lita 5,000 za ta zubo ta indararo, wato duro 25 na lita 200. A shekarar da aka sami milimita 550, wannan rufi kaɗai ya zubar da lita 55,000. Mai wannan gida ne kuma zai riƙa sayen ruwa a jarka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, yana kallon ɗan itacen da ya dasa yana ƙonewa. Ruwan da ya kora waje a Agusta shi yake nema a Afrilu.

Aikin mai tsara fili a gida yana farawa ne da awo. Ba sai da na'ura mai tsada ba, siririn tiyo mai haske da magina ke cikawa da ruwa don daidaita gini ya isa a gane wace kusurwa ce ta fi ƙasa, ko da bambancin yatsa huɗu ne. A shimfiɗaɗɗen gari irin wannan, yatsa huɗu su ke raba ɗakin da ya bushe da wanda tabarma ke yawo a ciki. Daga nan sai a ɗaga daɓen ɗakuna da hanyar tafiya, a bar wannan kusurwa a ƙasa da gangan, a nesa da harsashin gini, a nesa da masai da rijiya. A haƙe ta kamar zurfin kamu ɗaya, a fasa lakar, a gauraya ta da rairayi da taki da ɓaraguzan jan bulo, a juyo indararo ta tanki ko duro tukuna, abin da ya yi saura ya gangara can. A nan za a dasa abin da ke jure kwanciyar ruwa ya kuma jure rani: jema a gefe don ta riƙe ƙasa, ayaba idan akwai ruwan wanke-wanke da zai riƙa isa gare ta, lalle a matsayin shinge. Zogale da gwanda ba sa son ƙafarsu cikin ruwa, sai a ɗora su a kan kunya. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: ruwan ya ƙafe cikin kwana biyu ko uku. Sauro yana bukatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, ramin da ya riƙe ruwa fiye da haka ya zama gonar zazzaɓi. Idan lakar ta ƙi sha, a yi masa mafita ta sama, ya fita lungu a hankali bayan ruwan ya ɗauke, lokacin da kwata ta sami sarari. Jinkirin nan na awa biyu ko uku, idan gida ɗari suka yi shi, shi ne ke hana lungu cika.

Magini zai ce, "Alhaji, a shafe duka mana, ai sai ya fi tsafta." Uwargida ma za ta goyi bayansa, kuma tana da gaskiya, ita ce ke fama da taɓo da shara. Mai tsara fili nagari ba ya musu da ita. Yakan tambaye ta inda take girki, inda take shanya, inda yara ke wasa, inda ake shimfiɗa tabarma da dare a bazara, ya shafe waɗannan wurare ko ya jera musu bulo a kan rairayi, ya bar sauran ƙasar tana numfashi. Tsakar gidan da aka shafe gaba ɗaya yana shan rana tun safe, ya yi ta amayo zafi har tsakar dare, masu kwana a waje sun fi kowa sani.

Sai inuwa. A watan Fabrairun 2008 'yan tawaye suka kutsa har tsakiyar Injamena, aka yi kwana biyu ana ɓarin wuta. Bayan an kore su, gwamnati ta sa aka sare tsofaffin itatuwan da ke kan titin Charles de Gaulle, waɗanda ke tsaye tun zamanin Faransa, don kada maharba su ɓuya a cikinsu, aka kuma haƙa ganuwar rami a kewayen birnin. Abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana girma ya tafi cikin 'yan kwanaki. A wannan shekarar ce kuma Shugaba Idris Debi ya ƙaddamar da shingen itatuwa da zai zagaye birnin, an tsara shi a kan tsawon kilomita 40 da faɗin mita 200, aka fara ta wajen Gawi, ƙauyen Kotoko da ya yi suna da tukwane da gidajen laka masu zane. Ba a daɗe ba aka haramta gawayi, abin da ya jefa magidanta cikin wahalar girki kafin iskar gas ta wadata. A watan Yunin 2010 kuma a Injamena ne shugabannin ƙasashen Sahel suka sa hannu a kan kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Shingen birnin wani sashensa ya tashi ya yi duhu, wani ya bushe, wani gine-gine sun ci. Ko da ya tashi duka, yana can bakin gari. Matar da ke soya ƙosai a Amrigebe da yaron da ke dawowa daga makaranta da tsakar rana, inuwar da za ta amfane su ita ce ta kan layinsu.

Wane itace? Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko bedi, ita ce ta mamaye birnin, kamar yadda ta mamaye Maiduguri da Katsina da Maraɗi. Daga Indiya aka kawo ta, kuma ta biya bukata: tana saurin girma, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya a rani, akuya ba ta cika damunta ba. Amma ba ta son ruwa ya daɗe a gindinta, kuma gari da ya dogara da itace iri ɗaya, cuta ɗaya za ta iya tsiraita shi. Ƙasar nan tana da nata. Aduwa tana jure laka da fari, tana ba da 'ya'ya da ganyen miya. Tsamiya tana jinkiri amma inuwarta ta jikoki ce. Bagaruwa da giyayya sun saba tsayuwa cikin ruwa na watanni a fadama, su ne na bakin tafki. Maɗaci na babban titi ne. Kurna da magarya na makaranta, inda yara za su tsinka. Cediya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu a dandali, sai dai saiwarsu tana fasa gini da kwata, kada a kai su kusa da bango. Turare kuwa, wanda ake yawan dasawa don yana shan ruwa, inuwarsa ba ta da kauri, kuma yana hana abin da ke ƙarƙashinsa tashi.

Dashe a laka yana da tasa dabara, kuma a nan ne yawancin itatuwan makon dashe ke mutuwa. Idan aka haƙa rami mai santsin gefe aka cika shi da taki mai laushi, ruwan farko zai taru a ciki ya kasa fita, saiwa ta ruɓe. Sai a faɗaɗa ramin fiye da zurfinsa, a karce gefensa da diga, a mayar da ƙasar wurin gauraye da taki, a ɗora dashen ya ɗan fi ƙasa tsawo, a yanke ledar da aka raine shi a ciki a cire ta gaba ɗaya. A kewaye shi da jan bulo mai ramuka ko ƙaya, domin akuyar birni ba ta barin kore. A gefensa a binne tulu mara fenti har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Tulun zai riƙa tsatsa a hankali daidai inda saiwa take, ruwan da za a watsa a sama ya ƙafe cikin awa ɗaya ya kai kwanaki. A yi dashen a farkon damina, a kuma san tun ranar wanda zai shayar da shi daga Nuwamba zuwa Yuni, rani biyu a jere.

Gaban shaguna da gidajen mai da otal-otal ba zan daɗe a kansu ba. Abin da ake yawan nema a can shi ne ciyawa kore shar da dabinon ado, kamar yadda ake gani a hotunan Dubai, kuma wannan ciyawa tana shan ruwa kullum a garin da wasu unguwanni ke layin famfo. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane lissafi: layin da ke da inuwa ya fi tara masu saye, kuma bulon shimfiɗa da aka jera a kan rairayi ana iya ɗaga shi a gyara bututu a mayar, siminti kuwa sai an fasa. Babban abin da ke hannun 'yan kasuwa shi ne kwatar da ke gaban shagonsu. A 2010 magajiyar garin Injamena, Marie-Thérèse Mbaïlemdana, ta hana leda a birnin, aka kuma ga bambanci a tituna. Da aka sassauta, leda ta dawo, kuma ita da rairayi su ne ke toshe magudanai.

Filin jama'a shi ne inda babbar dama take. Domin ruwan birnin ba ya gangarawa kogi da kansa, hukuma ta haƙa manyan magudanai da tafkunan tara ruwa da tashoshin injin tura shi, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai, ciki har da gyaran tsohuwar magudanar da ake kira ta Masu Lambu. A 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don aikin da ake kira PILIER na yaƙi da ambaliya a birnin. Waɗannan tafkuna kududdufan dā ne aka dawo da su da hannun injiniya. Suna aiki wata uku, sauran wata tara suna zaune, kuma filin da ba na kowa ba a tsakiyar unguwa juji yake zama. A unguwa mai cunkoso kamar Amrigebe, da wuya a sami wani fili mai faɗin wannan.

Sana'ar tsara fili ta zamani ma daga irin wannan matsala ta yi ƙarfi. Frederick Law Olmsted, wanda shi da Calvert Vaux suka zana Central Park na birnin New York a 1858, da aka kira shi Boston a ƙarshen shekarun 1870, fadama ce mai wari da ambaliya aka ba shi. Ya tsara ta ta riƙe ruwa idan an yi mamako, sauran lokaci ta zama wurin shan iska. A Alƙahira, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 da kuɗin gidauniyar Aga Khan, kadada 30 ne a kan jujin da ya yi shekara ɗari biyar, kuma akwai manyan tankunan ruwan birni guda uku a ƙarƙashinsa. A Sin, Yu Kongjian ya yi shekaru yana kira da a bar birane su riƙa shan ruwa maimakon korarsa, har gwamnati ta fara gwada tsarin a birane da dama daga 2015. Sai dai a yi hattara da kwafe. Lakar Injamena ba ta shan ruwa da sauri, don haka rami da ciyawa kaɗai ba za su maye gurbin magudana da inji ba. Abin da za su yi shi ne rage wa injin nauyi da jinkirta ruwan.

Tafkin tara ruwa a Amrigebe zai iya samun gaɓa mai gangare a hankali, mai matakala, yadda yaron da ya zame zai iya fitowa. A ɗaure gaɓar da jema, a jera bagaruwa da giyayya a ƙasa, tsamiya da maɗaci a sama, a yi hanyar tafiya da fitila da benci. A sa raga a bakin kowace magudana don tare leda, wurin da amalanke zai iya isa ya kwashe. Sashen da ke fara bushewa a Nuwamba ya zama filin ƙwallo, wani sashe a ba masu rainon dashe, waɗanda yanzu ke jera ledojinsu a bakin titi. Kayan lambu da ake ci ɗanye kada a yarda a noma su da wannan ruwa muddin masai na zuba a ciki, kuma a sa ido kan kacala, wadda ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru.

Wa zai kula? Amsar da na fi yarda da ita daga Maraɗi ta fito. A can an yi shekaru ana dasa itatuwa da kuɗin ayyuka suna mutuwa, har a 1983 Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, aka fara barin tohonsu ana sassabe shi. Abin ya bazu ne da manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, ba jami'in gandun daji da zai ci shi tara idan ya sare reshe. Yau ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. A birni ma haka za a yi. Itacen gaban shago a rubuta shi da sunan mai shagon, na gaban masallaci a hannun kwamitin masallaci, na makaranta kowane aji da nasa. Gaɓar tafki a raba ta ga ƙungiyoyin mata da matasa da masu rainon dashe, da takarda daga ofishin gunduma mai nuna iyakar kowa da shekarun da aka ba shi, sharaɗin kuwa shi ne ya tsare ragar da ke sashensa, ya kuma fito yasar magudana a watan Mayu tare da mai unguwa, kafin hadarin farko ya haɗu.